Bodin Kawu Kamal

Mako uku ke nan, amma har yau idan na ji ƙarar shigowar saƙo a wayar wani sai in kau da kai. Ni ne na karanta saƙon da ya tayar da unguwarmu ranar Juma'ar nan, kuma ba wanda zai gane yadda aka yi sai ya san wane ne Kawu Kamal.

Kawu Kamaluddeen mai hoto ba ƙanin mahaifiyata ba ne na jini. A gida ɗaya suka taso a unguwar Wambai, shi ya sa muke ce masa Kawu. Ya ɗan haura hamsin, siriri ne, yana sa tabarau mai kauri, kuma shagonsa yana bakin layinmu tun kafin a haife ni. Da kyamarar fim ya fara, da wani labule mai zanen jirgin sama da yake ratayawa a bayan mutane. Duk wanda ya yi aure ko suna ko saukar karatu a unguwarmu cikin shekara talatin, Kawu ya taɓa ce masa ya ɗan ɗaga haɓa.

A 2012 ya samu kyamara mai katin ajiye hoto. Wani maƙwabci ne ya taho masa da ita daga aikin hajji, saboda haka aka sa mata suna Hajiya. Ta yi aiki lafiya na wasu shekaru, sannan ta fara tsufa gaɓa-gaɓa. Murfin batirinta ya karye, Kawu ya ɗaure da kyauro. Idan ta ɗauki hoto tara sai ta ɗau zafi ta tsaya, ya cire hularsa ya yi mata fifita, ango da abokansa suna tsaye da murmushi a fuska. Wata rana rubutun da ke fuskarta ya koma Sinanci, bai kuma dawo ba. Daga ƙarshe ta fara fitar da mutane kore. Ba kore sosai ba, kamar dai an ɗauke ka ta cikin kwalbar lemo. Akwai wani tsoho a layinmu da ɗansa ya ga hotonsa na Sallah daga Abuja, ya zo da mota washegari ya kai shi asibiti a duba masa hanta.

Ba rashin hali ya hana Kawu sake kyamara ba, kowa ya san wannan. Abin da ya hana shi, ya san kyamarori fiye da kima. Kullum in ba aiki yana zaune a shago da waya a hannu, yana kallon Turawa suna buɗe kwalaye suna bayani. Ya san wadda ta fito bara, da wadda za ta fito bana, da wadda ake raɗe-raɗin ana haɗawa. Da zarar ya tsayar da zuciyarsa a kan guda, sai ya ji an ce wata na tafe da ta fi ta gani a duhu.

Abokinsa Malam Abdulsalami tela, wanda shagonsa ke jikin nasa, shi ne mai tsokanarsa.

“Kamal, yau ma ba a saya ba?”

“Wadda ke tafe nake jira. Ita da kanta take gane idon mutum ta bi shi.”

“Bara ma haka ka ce.”

“Ta bara idon mutum kawai take ganewa. Ta bana har na tsuntsu.”

“Tsuntsu nawa suka zo ɗaukar fasfo a shagon nan?”

Kawu sai ya gyara tabarau ya koma kan waya. Yaran unguwa har sun daina ce masa mai hoto, sai Kawu Wadda-ke-tafe, yana kuma amsawa.

'Yarsa guda ce, Fiddausi, shekararta goma sha biyar. Bana ta sauke Alƙur'ani, aka sa walimar ɗaliban Islamiyyarsu ranar Asabar. Shekara da shekaru Kawu ke ɗaukar hoton saukar makarantar. Amma 'yan ajin su Fiddausi suka haɗa baki suka ce wa malaminsu ba sa so su fito kore, a kira Sebastine, wani matashi mai shago a unguwar Magajiya da kyamararsa ke fitar da mutum da launin da Allah ya ba shi. Malamin ya ji nauyin Kawu, ya ce shi dai ba zai iya faɗa masa ba. Fiddausi ce ta faɗa, ranar Litinin, ina zaune a tsakar gidansu.

“Baba, an ce idan da Hajiya za ka zo, Sebastine za a kira.”

“Wa ya ce?”

“Mu.”

“Har da ke?”

Ta sunkuyar da kai. “Sau ɗaya ake sauka, Baba.”

Kawu ya ture kwanon abincinsa gefe. Bai ce zai saya ba, bai ce ba zai saya ba. Ranar Laraba ya ɗauki Hajiya ya tafi Lokoja, wai an kira shi aikin biki na kwana biyu. Abin da ba mu sani ba, kafin ya tafi ya kira Chukwudi, mai sayar da kayan hoto a Legas, ya ce a aiko masa da sabuwar kyamara. Ya ɓoye wa kowa saboda bakin Malam Abdulsalami. Kuma da yake ya san ba ya gari, sai ya ba da lambar matarsa, Anti Luba, ba tare da ya gaya mata ba.

Ranar Juma'a da hantsi Fiddausi ta zo ta ce mamanta na kirana. Tun da na gama jami'a na dawo gida, duk takardar da ta shigo layinmu da Turanci ni ake kawo wa: takardar asibiti, saƙon banki, bayanin maganin ɓera. Anti Luba ta miƙo mini waya tana tankaɗe.

“Mai digiri, duba min wannan. Baƙuwar lamba ce.”

Da Turancin buroka aka rubuta: “Madam, Kamal body dey my motor. Send person come Diko by 2 make dem collect am.”

Na karanta sau uku. Kalmar nan ta bodi, a duk littafin da na karanta a shekara huɗu, idan aka ce tana cikin mota a zo a karɓa, ma'anarta ɗaya ce: gawa. Na kira wayar Kawu, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na fita zaure na kira lambar da ta turo saƙon. Wani mutum ya ɗauka cikin ƙarar inji, ya ce sunansa Chiemeka, direba ne, daga Legas ya taso zai wuce Kaduna, sun baro Lokoja tun da safe. Lokoja kuwa can Kawu ya tafi.

Na tambaye shi ko da gaske bodin Kamal ne. Ya ce eh, ga sunan nan a rubuce a jiki. Na ce a wane hali yake. Ya ce kada in damu, an naɗe shi sosai da soso, an sa a kwali, ba abin da zai taɓa shi. Na ce me ya faru. Ya ce shi bai san komai ba, ba shi kawai aka yi ya kawo. Sannan ya ƙara da cewa an ce ya gaya mana gilashi bai biyo ba, bodin ne kawai.

Gilashin nan ne ya gama da ni. Ban taɓa ganin Kawu ba tabarau ba. Nan take na hango shi a raina a gefen titi, tabarau ya faɗa cikin ciyawa.

Na koma ciki. Anti Luba ta dubi fuskata ta ajiye rariya. Na faɗa mata da Hausa abin da na fahimta. Ba zan rubuta abin da ya biyo baya a tsakar gidan nan ba.

Unguwarmu ba ta jinkiri da gawa. Kafin a yi kiran sallar Juma'a an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an aika maƙabarta a fara haƙa, liman ya ce za a yi jana'iza bayan la'asar. Malam Abdulsalami ya rufe shago ya yanko alawayyo ya haɗa likkafani yana share hawaye da gefen hannu. An ce a kawo igiya a ƙiyasta tsawon kabari, ya ce ba buƙata, shekara ashirin yana yi masa ɗinki, ya faɗi awon daga ka. Mutane suka yi ta zuwa, kowa da abin alherin da yake tunawa. Har tsohon da aka kai asibiti ya zo, ya ce ai da ba don hoton Kamal ba da ba a gano yana da hawan jini ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka tafi Diko, mahaɗar da motocin Kaduna ke bi kusa da garinmu, mu shida a motar ɗaukar gawa ta unguwa, da makara a baya. Ni aka sa a gaba saboda ni ke jin yaren direban. Muka tsaya a bakin babban titi kusa da masu sayar da doya. Biyu ta wuce, biyu da rabi ta wuce. Wajen uku saura wata farar bas ta tsaya, cike da fasinja. Malam Abdulsalami ya ce a hankali, “Da fasinja suka haɗa shi?”

Chiemeka ya sauko yana goge wuya da tawul. Muka buɗe bayan motarmu muka jawo makara. Ya dube ta, ya dube mu. Ya sunkuya ƙarƙashin kujerarsa, ya ture wani buhun garin rogo, ya jawo kwali. Girmansa bai wuce na kwalin takalmi biyu ba. An naɗe shi da buhu da salatef ruwan ƙasa ta ko'ina, an rubuta sunan Kawu da kalmar nan da baƙin alƙalami, a ƙasa kuma an ce kada a ɗora kaya a kai.

Ba wanda ya miƙa hannu.

“Tambaye shi, duka ke nan?” in ji Malam Abdulsalami.

Na tambaya. Chiemeka ya ce haka aka ba shi, kuma ai na yanzu ba su da girma kamar na da.

Na fassara. Wani dattijo a cikinmu ya ce ya taɓa jin akwai ƙasashen da ke ƙona mamaci su zuba a tulu, amma bai san abin ya iso Lokoja ba. Wani ya ce a buɗe. Na'ibin liman, wanda shi ne babbanmu a tafiyar, ya ce ba za a buɗe bawan Allah a bakin titi gaban masu doya ba, a kai shi gida tukuna. Chiemeka ya ce in sa hannu a takarda, na sa. Ya ce in gaida Kamal ɗin. Wannan ban fassara ba, na ɗauka irin ta'aziyyarsu ce.

Aka ɗora kwalin a tsakiyar makara aka lulluɓe da mayafi. A hanya duk ramin da muka faɗa sai ya zame gefe, Malam Abdulsalami ya dafa shi da tafin hannu yana cewa, “Sannu, Kamal.”

Mota ba ta shiga layinmu saboda kwata, don haka a bakin titi muka sauke makara muka ɗauka a kafaɗa. Kamar yadda aka saba, duk wanda ya gani sai ya bi baya, mutane suna karɓar juna. Ina riƙe da ƙafar baya ta hagu. Wani ya sauka daga acaɓa da jaka a kafaɗa da takunkumi a fuska saboda hayaƙin hanya, ya taɓa ni alamar in ba shi ya samu lada. Na matsa masa, na ci gaba da tafiya a gefensa ina kallon ƙasa. Muka yi taku kamar goma.

“Siddiq,” ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “wa ya rasu? Yaro ne? Na ji ba nauyi.”

Na ɗago. Tabarau mai kauri ne a saman takunkumin.

An ce na zauna a cikin kwata. Ni dai ban tuna ba. Abin da na tuna, Malam Abdulsalami ya waiwayo daga gaba, ya saki nasa ɓangaren, makara ta karkata, kwalin ya zamo daga ƙarƙashin mayafi. Kawu ya ga rubutun da ke jiki, ya saki makara ya cafe shi da hannu biyu kafin ya kai ƙasa. Rabin masu rakiya sun riga sun kai ƙarshen layi da gudu.

“Wa ya ce a jijjiga ta haka?” in ji Kawu.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin kowa ya yarda ya zauna kusa da shi. Anti Luba ta fito har zaure ba mayafi, ta kama hannun rigarsa ta riƙe. Da aka natsu ya yi bayani. A wurin masu hoto, kyamarar da ba a haɗa mata gilashin gaba ba, ita ake kira bodi. Gilasansa na da suna nan lafiya, shi ya sa ya sayi bodi kawai. Wayarsa kuma caji ne ya ƙare, don soket ɗaya ne a masaukin da aka ba shi a Lokoja, ya bar wa batirin Hajiya.

Duk zauren ya juyo ya dube ni. Na'ibin liman ya ce, “Siddiq, me ka ce ka karanta a jami'a?” Na faɗa. Ya gyaɗa kai kawai.

Aka yanke salatef aka cire buhu da soso. A ciki akwai kwalin kamfani, baƙi mai sheƙi, da 'yar takardar hatimi manne a bakinsa. Kawu ya ɗora shi a cinya, ya jona wayarsa a wuta ya kunna don ya gaya wa Chukwudi kaya sun iso. Saƙonni suka yi ta shigowa. Ya tsallake na masu ta'aziyya ya tsaya a kan guda. Na ga fuskarsa ta canja, irin canjin da muka sani.

“Chukwudi ne,” ya ce. “Wai an sanar jiya. Wata mai zuwa sabuwa za ta fito. Ya ce in ban ɓalle hatimin ba, in mayar masa ya ajiye mini waccan.”

A waje ana naɗe tabarmi.

“Ita waccan,” Kawu ya ci gaba, yana shafa gefen kwalin, “ko hannunka na rawa...”

“Kamal,” in ji Malam Abdulsalami. Likkafanin na ninke a hammatarsa. “Kabari na can a buɗe, daidai tsawonka. Ga wannan na ɗinka, ban karɓi ko sisi ba. Liman bai tafi gida ba. Ko ka buɗe kwalin nan, ko mu ƙarasa abin da muka fara.”

“Abdu, ba ka gane ba. Wata ɗaya ne kawai.”

“Saukar gobe ce.”

“Sai in ɗauka da Hajiya, in an gama in gyara launin a kwamfuta.”

“Shekara nawa kana gyarawa?”

Fiddausi tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida tun ɗazu. Idanunta sun kumbura har ba ta iya buɗe su sosai. Ta shigo ta durƙusa a gabansa, a gaban dattawa, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Baba, ka mayar masa,” ta ce. “Ka zo da Hajiya. Zan gaya wa 'yan ajinmu. Su su kira Sebastine, ni kai za ka ɗauke ni. Koren ma ina so.”

Kawu ya dube ta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, karo na farko da na ga idonsa tsirara, ƙanana ne ashe. Ya mayar. Sannan ya ce wa Malam Abdulsalami ya ara masa almakashi. Tela ya zaro daga aljihu, wanda ya yanka alawayyon da shi ne. Kawu ya sa bakin almakashin a ƙarƙashin hatimin, ya tsaya.

“An ce batirin waccan yana kwana biyu.”

“Yanka,” in ji Anti Luba. Ita ce kalmarta ta farko tun da ya dawo.

Ya yanka.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa Islamiyya, da sabuwar shadda, kyamara a wuya. Sebastine ma ya zo, don malamin ya kira shi tun ranar Juma'a da rana da aka ce Kawu ya rasu, kuma ya ji kunyar sake kiransa ya ce an fasa. Yaron kirki ne. Ya yi wa Kawu barka da dawowa, ya nuna masa inda ake kunnawa, ya ajiye tasa kyamarar a jaka ya tsaya yana riƙe masa lema.

Da aka kira Fiddausi ta fito da allonta mai zayyana, Kawu ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya ce ta ɗan ɗaga haɓa. Yatsansa ya saba da maɓallin Hajiya, wanda sai an danna da ƙarfi an riƙe kafin ya amsa. Ya danna ya riƙe. Sabuwar ta fara wani sauti kamar keken ɗinki. Bai saki ba, don bai san ɗauka take yi ba, ya zaci shiri take. Sai da Sebastine ya ɗaga masa yatsan.

Hoton Fiddausi ɗari huɗu da goma sha biyu ya ɗauka a tsayuwa ɗaya. Duk da launinta ta fito, farin hijabi fari, zayyanar allo ja da ruwan ɗorawa.

Jiya na bi ta shagonsa. Yanzu ba a kawo mini saƙo in karanta, sai dai a wuce ni a kai wa mai kemis, saboda haka ina da lokaci. Na same shi gaban kwamfuta, hotuna biyu a jere, na ɗari da tamanin da na ɗari da tamanin da ɗaya. Fiddausi na zaune a benci da firam ɗin da ta saya tun makon sauka, babu komai a ciki.

“Siddiq, zo ka duba,” ya ce. “A wannan kamar ta fi buɗe ido.”

“Kawu, iri ɗaya ne.”

“Kai ba na tambayarka fassara.” Ya matsa gaba zuwa na ɗari da tamanin da biyu.

Fiddausi ta tashi, ta zagayo ta bayansa, ta ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar.

“Wannan, Baba.”

“Ba ki ga na gaba ba.”

“Wannan.”

Ya yi ajiyar zuciya, ya jawo takardar hoto daga aljihun tebur ya sa a injin wankewa.